Daga Fada Zuwa Zauren WhatsApp: Sassaucin Ma'anar Kalmomin Yau da Kullum a Tasawa da Mayahi

1.0 Gabatarwa

Ƙorafin da aka fi ji a bakin dattawa da malaman makaranta game da Hausar kafafen sada zumunta shi ne matasa suna wasa da kalmomi. Kowa ya zama malam, kowane saƙo na gaggawa ne, wanda ba a taɓa haɗa ido da shi ba an kira shi aboki. Ƙorafin yana da tushe, sai dai ya tara abubuwa mabambanta a kwando guda. Wannan maƙala ta raba su gida uku: faɗaɗa ma'ana, da raguwar nauyin kalma, da rabuwar kalma da muhallin da aka furta ta. An ɗauki gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi a matsayin fagen nazari, domin a nuna wanne daga cikin ukun nan ne tafiyar harshe ta yau da kullum, wanne kuma ke jawo wa masu magana asara.

Batun ya ƙara muhimmanci tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake fasalin ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Harshen da ake sa ran zai ɗauki nauyin doka da mulki da koyarwa yana buƙatar masu nazarin da suka san yadda ma'anonin kalmominsa suke motsi.

2.0 Fagen nazari

Tasawa tsohuwar masarauta ce da tarihinta ya sarƙu da na Katsina, tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram. Mayahi kuwa tana yankin Gulbin Kaba, arewa da wannan hanya. A ƙidayar 2012 kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500, mafi yawansu Hausawa manoman hatsi da wake da gyaɗa, tare da Fulani da Buzaye. Da an kai amfanin gona gida, samari da magidanta da yawa kan tafi cin rani Nijeriya, ko Agadas, ko Aljeriya da Libiya.

Wannan tafiya ita ta ba wayar salula matsayinta. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta wallafa a 2010 ya nuna cewa shigowar salula kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Tun farko ke nan waya ta shiga ƙauye a matsayin hanyar jin labari. Sauyi na biyu ya zo ne bayan 2013, sa'ad da manhajar WhatsApp ta fara ɗaukar saƙon murya. Wanda bai yi lakwal ba, ko wanda karatunsa na allo ne, ya samu damar shiga hirar da a da sai mai iya rubutun boko. Saboda haka mai nazarin Hausar intanet a wannan yanki yana fuskantar magana ce ta baka wadda aka naɗa, ana iya adana ta, ana iya tura ta ga wanda ba don shi aka yi ta ba. Wannan siffa ita ce tushen yawancin abin da za a tattauna a ƙasa.

3.0 Faɗaɗa ma'ana

Faɗaɗa ma'ana ita ce kalma ta ɗauki sabon aiki ba tare da ta saki na asali ba. Misali mafi kusa a Nijar shi ne kalmar "fada". Ma'anarta ta asali ita ce wurin zaman sarki da fadawansa, irin fadar sarkin Tasawa. Tun shekarun 1990 matasan garuruwan Nijar suka ari kalmar suka raɗa wa majalisarsu ta shan shayi a bakin titi, har da shugaba da ma'aji da dokokin zama. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kan wannan fada ta matasa a 2019. Da fada ta samu rukuninta a waya, sunan da tsarin suka bi ta can. Abin da ya haɗa matakan uku shi ne zama na yau da kullum a ƙarƙashin wani jagora, inda kowa ya san mazauninsa.

Haka "zaure" da "dandali" suka yi. Zaure ɗakin shiga gida ne, inda maigida ke karɓar baƙi. Dandali kuwa filin wasan ƴammata da samari ne da dare. A yau ana cewa "zauren WhatsApp" da "dandalin Facebook", kuma zaɓen bai zo da ka ba. Zaure yana da mai shi, sai an yi sallama a shiga, ana kuma iya fitar da mutum. Dandali a buɗe yake ga duk mai wucewa. Masu magana sun raba kalmomin biyu daidai da yadda manhajojin biyu suka bambanta, ba tare da wani kwamitin ƙirƙirar kalmomi ya zauna ba.

Aikatau ma sun samu rabonsu:

(1) Ya ɗora hoton gonarsa.
(2) Ta sauke wa'azin jiya.
(3) Tura mini wannan saƙon.
(4) Sun toshe shi.
(5) Ba ya hawa intanet da rana.

A (1) da (2) an ɗauki saƙo kamar kaya, wanda ake ɗora wa jaki a kuma sauke. A (4) an ɗauki hulɗa kamar rami ko ƙofa. A (5) an ɗauki intanet kamar abin hawa. Babu ɗaya daga cikin jimlolin nan da ta karya ƙa'idar nahawu, kuma babu manomin da zai rikice idan aka ce masa ya sauke damin hatsi daga amalanke.

Wannan hanya tsohuwa ce a Hausa. "Jirgi" kwalekwale ne kafin ya zama na ƙasa da na sama. "Waya" zaren ƙarfe ce da aka aro daga Ingilishi, yau ga ta tana nufin na'urar da ba ta da zare ko ɗaya. A kasuwannin Tasawa da Mayahi "dala", wadda asalinta sunan kuɗin azurfa ne na Turai, tana nufin sefa 5, "jika" kuma tana nufin sefa 1000, alhali asalinta jakar zuba kuɗi ce. Wanda ya karɓi waɗannan ba shi da hujjar ƙin "zauren WhatsApp".

A gefe guda akwai aro kai tsaye daga Faransanci, wanda ya bambanta Hausar wannan yanki da ta Katsina ko Kano: "rezo" a madadin layin sadarwa, "kiredi" a madadin kuɗin kira, "mega" a madadin ma'aunin intanet, "bokal" a madadin saƙon murya. Kalma ta ƙarshe tana nuna kwaskwarimar da aka saba, domin Hausa ba ta da sautin /v/, sai ta maye gurbinsa da /b/.

4.0 Raguwar nauyin kalma

Nau'i na biyu ya fi na farko tsada. A nan kalma ba ta samun sabon aiki, sharuɗɗan da ke tattare da ita ne suke zubewa, har a iya furta ta ga kowa a kowane hali.

4.1 Aboki, ƙawa da zumunci

A al'adar ƙasar Maraɗi ƙawance dangantaka ce mai haƙƙoƙi. Ƙawa ita ke tsayawa a bikin aure da suna, ita ke kawo gudummawar da za a rama mata da ƙari idan nata bikin ya zo. Guy Nicolas da Barbara Cooper duk sun yi rubutu a kan wannan musayar kyauta a yankin Maraɗi. Haka abokin ango yana da aikin da aka san shi da shi. Da Facebook ya sa wa duk wanda aka amince da buƙatarsa suna guda, Hausa ta fassara shi da "aboki", sai mutum ya wayi gari da abokai dubu waɗanda ba ya bin ko ɗayansu bashin gaisuwar mutuwa.

Alamar da ke tabbatar da raguwar nauyi ita ce buƙatar ƙarin bayani. Idan mai magana ya ga dole ya ce "abokina ne na gaske" ko "ƙawata ce ta zahiri", to kalmar ita kaɗai ta daina isar da abin da take isarwa a da. Haka lamarin yake ga "zumunci". Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, wato sai an taka an je. Sunan da aka raɗa wa manhajojin, "kafafen sada zumunta", ya ɗauke wannan sharaɗi. Ga ɗan cin rani da ke Tamanraset, saƙon murya shi ne iyakar abin da zai iya, kuma iyalinsa sun san haka. Tambayar tana kan wanda ke unguwa ɗaya da mara lafiya, ya aika "Allah ya sawwaƙe" a zaure, ya ɗauka ya sauke haƙƙi.

4.2 Laƙabi

"Malam", "Alhaji", "Hajiya", "shugaba" da "ranka ya daɗe" kowanne yana da abin da ake cika kafin a same shi: karatu, ko aikin hajji, ko riƙon jama'a, ko sarauta. Sassauta su ya girmi intanet, domin ƴan kasuwa sun daɗe suna kiran mai saye Alhaji don su ja ra'ayinsa. Abin da zaure ya ƙara shi ne mutum yana iya raɗa wa kansa laƙabin a jikin sunansa, babu mai tantancewa. A ƙauye, idan aka ce "malam ya ce", mai sauraro ya san wane malami ne, a gaban wa ya yi karatu. A saƙon da ya ratsa zaure biyar, kalmar tana riƙe da kwarjininta alhali shaidar da ke bayanta ta ɓace. Fatawa ko maganin gargajiya da aka jingina wa irin wannan malami mara suna yana samun karɓuwar da bai cancanta ba.

4.3 Gaggawa da sadaka

Saƙonni da yawa kan fara da "sanarwar gaggawa" ko "labari da ɗumi-ɗuminsa", su ƙare da "tura wa wasu, sadaka ce". Idan cigiyar akuya da tallar atamfa da neman jini ga mai naƙuda duk suka zo da take ɗaya, kunne kan saba, sai na ukun ya nutse cikin na farko da na biyu. Ita kuwa "sadaka", a ma'anarta ta asali mutum yana fitar da wani abu daga hannunsa. Da aka mayar da danna waya sadaka, an samu hanyar sa mutane yaɗa abin da ba su tantance ba, domin ƙin turawa ya zama kamar rowa.

5.0 Rabuwar kalma da muhallinta

Nau'i na uku ya shafi ilimin walwalar harshe fiye da ilimin ma'ana. Kalmar ba ta sauya ba, masu sauraro ne suka sauya.

5.1 Wasan barkwanci

A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Nijar cikin jerin al'adun gado na bil'adama. A wannan wasa Bafillace da Babarbare, ko Bagobiri da Bazabarme, ko taubasai biyu, suna iya jifan juna da kalmomi irin "bawana" ko "ɓarawo" a rabu ana dariya. Sharaɗin wasan shi ne kowa a wurin ya san dangantakar da ta halatta shi, ga kuma fuska da murya suna nuna raha. Zauren WhatsApp yana iya ɗaukar mutum 1024. A irin wannan taro akwai wanda bai san masu maganar taubasai ne ba. Idan kuma aka yanki saƙon aka tura wani zaure, abin da ya rage shi ne wane ya kira wane ɓarawo. Magana zarar bunu ce tun a da, sai dai a da iska kan tafi da ita. Yanzu tana nan a ajiye ana sake saurarenta.

5.2 Faɗuwar "wai"

Hausa tana da ƴar ƙaramar kalma da ke nuna mai magana ji ya yi, bai gani ba. A dubi waɗannan jimloli:

(6) Wai an ga baƙin mutane a bakin gulbi.
(7) An ce an ga baƙin mutane a bakin gulbi.
(8) An ga baƙin mutane a bakin gulbi.
(9) Ƴan bindiga sun shigo.

A (6) mai magana ya nisanta kansa da labarin, har da ɗan shakku. A (7) shakkun ya ragu amma jinginawar tana nan. A (8) ya ɗauki nauyin labarin. A (9) an maye gurbin siffa mara hukunci da suna mai hukunci. Idan kowane mai sake naɗar saƙo ya matsa mataki ɗaya, jita-jita kan zama shaida cikin sa'a guda. A jihar da kudu maso yammacinta, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, ya sha fama da masu satar mutane da shanu, jimla ta (9) tana iya tayar da ƙauye tsaye, tana kuma iya jefa makiyayi ko baƙon da ba ruwansa cikin haɗari. Kamfanin WhatsApp ya sanya alamar saƙon da aka turo a 2018, ya kuma taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda a 2019. Wannan alama ba ta bayyana a kan saƙon da mutum ya saurara ya sake faɗa da bakinsa. A nan "wai" ce kaɗai alamar, kuma ita ce ke fara faɗuwa.

5.3 Hukuncin doka

Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet a 2019, wadda ta haɗa da ƙazafi da zagi ta hanyar na'ura. A 2022 an yi mata gyara aka cire ɗauri a kan waɗannan laifuffuka biyu, a watan Yuni na 2024 kuma aka maido da shi. Ma'anar wannan ga mai nazarin harshe ita ce, tambayar ko "ɓarawo" a wani saƙo zargi ne ko barkwanci tana iya zama tambayar da alƙali zai amsa. Amsarta kuwa tana buƙatar sanin wa ya faɗa, ga wa, a gaban wa, da wace murya.

6.0 Rawar rubutu

Inda aka rubuta saƙo maimakon a naɗa, wata matsala kan ƙaru. Nijar ta daidaita ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, da haruffa masu ƙugiya ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Amma mafi yawan waɗanda suka yi lakwal da Faransanci suka koyi rubutu, don haka suna rubuta Hausa da ƙa'idarsa: "ou" a madadin u ko w, "ch" a madadin sh, "tch" a madadin c, "gui" a madadin gi. Sunayen garuruwan yankin a takardun hukuma shaida ne: Tessaoua, Maijirgui, Ourafane, Kanembakaché, wato Tasawa, Maijirgi, Urafan da Kanan Bakashe.

Idan ƙugiya ta faɗi, ga shi kuma rubutun Hausa dama ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kalmomi kan haɗe. Wanda ya rubuta "akwai fada a gidan Sani yau" yana iya nufin zaman shayi, mai karatu ya fahimci faɗa. "Baki" na iya zama baki, ko baƙi mai nufin launi, ko baƙi masu ziyara. Wannan kuskuren rubutu ne, kuma bai kamata a lissafa shi cikin sauyin ma'ana ba. Saƙon murya ya tsira daga gare shi, har ma ya adana siffofin karin harshe irin su "tahiya", "hwara" da "munka zo", waɗanda daidaitacciyar Hausa ke shafewa.

7.0 Hanyar nazari ga ɗalibi

Ɗalibin da ke son ɗaukar wannan batu a kundinsa zai amfana da matakai huɗu. Na farko, ya nemi izinin mambobin zaure kafin ya kwafi saƙo, ya kuma cire sunaye da lambobin waya. Na biyu, ya tantance tsohuwar ma'anar kalma a ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijinguini, domin abin da ake zaton sabo ne sau da yawa yana nan tun da daɗewa. Na uku, ya kwatanta saƙon zaure da maganar mutanen nan a fada da kasuwa, don ya gane ko sabuwar ma'anar ta tsaya a waya ko ta fito fili. Na huɗu, ya yi wa kowace kalma tambayoyi uku. Shin tsohuwar ma'ana tana nan daram? Shin sai an ƙara "na gaske" kafin a fahimci ma'anar asali? Shin saƙon zai sauya ma'ana idan wani dabam ya saurare shi? Tambaya ta farko tana gano faɗaɗa ma'ana, ta biyu raguwar nauyi, ta uku rabuwa da muhalli.

Yana da kyau kuma a rarrabe masu magana ta fuskar jinsi da shekaru da irin karatu. Zauren matan da ke adashi, da na ƴan kasuwar hatsi, da na ɗaliban sakandare, da na ƴan cin rani ba Hausa ɗaya suke yi ba, kuma kowanne Hausar rukuni ce da ta cancanci nazari na kanta.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abin da ake kira sakaci da kalmomi a zaurukan intanet na Tasawa da Mayahi abubuwa uku ne. Faɗaɗa ma'ana, irin ta "fada" da "zaure" da "ɗora", hanya ce da Hausa ta daɗe tana bi wajen karɓar sabon abu, kuma masu tsara kalmomin hukuma za su iya koyo daga gare ta. Raguwar nauyi, irin ta "aboki" da "malam" da "gaggawa", tana tilasta wa harshe neman ƙarin kalmomi don faɗin abin da kalma ɗaya ke faɗi a da, tana kuma buɗe ƙofa ga mai son yaudara. Rabuwa da muhalli ita ce mafi haɗari, domin tana iya mayar da wasan taubasai ƙara a kotu, ta mayar da ji-ta-ji-ta labarin da ake gudu a kansa. Aikin da ke gaban ɗaliban kimiyyar harshe a jami'o'in Nijar shi ne tattara waɗannan misalai daga bakin masu su, a bayyana su bisa hujja, a kuma koya wa yara tun daga firamare bambancin da ke tsakanin "wai an gani" da "na gani".